Yoyon Memori a Direban Linux: Ka Toshe, Na'ura Ta Faɗi. Me Ya Faru?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Wannan hoton na'urar da ta faɗi da ke kan allo, an turo min irinsa ya fi sau ɗaya a 'yan kwanakin nan, kuma tambayar duk ɗaya ce: "Malam, kmemleak ya ce direbana yana yoyo, na ƙara layin sakin memori, yanzu kuma na'urar ce gaba ɗaya take faɗuwa. A ina na kauce?" Kmemleak dai kayan aiki ne a Linux mai gano memorin da aka ara ba a mayar ba. Wani ma cewa ya yi gara yoyon, don shi yana barin mutum ya yi aiki. Ban ga laifinsa ba, garin neman gira ne aka rasa ido. To yau a kan wannan layin guda za mu zauna, sauran kuwa da gudu za mu wuce su.

A gurguje, don waɗanda suka shigo sabbi. Manhajar da ke gudana a sama, burauza ce ko wasa, in ta karɓi memori ta manta ba ta mayar ba, da ka rufe ta kanel, wato zuciyar Linux da ke raba memori, zai bi bayanta ya kwashe komai ya share ɗakin. Shi kuwa kanel babu mai share masa. Direba a cikin kanel yake zaune, shi ne guntun kod ɗin da ke magana da Wi-Fi ko kyamara ko USB. In ya ari wuri da kmalloc bai mayar da kfree ba, wurin ya tafi ke nan sai an kashe na'ura an kunna. Ko ka cire direban da rmmod ba zai dawo ba. Kuma a Linux ba a kwashe memorin kanel zuwa faifai don a ɗan samu sarari, kamar yadda ake yi wa na manhajoji.

Girman ɓarnar ya danganta da inda ramin yake. Bayit 64 duk lokacin da aka soka USB, har na'urar ta tsufa ba za ka sani ba. Amma a ce direban sadarwa ne yake zubar da kilobayit 2 a kan kowane fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke wucewa, fakiti 1000 kuma suna wucewa a daƙiƙa, megabayit 2 ke nan duk daƙiƙa. Rauta, akwatin da ke raba intanet, mai megabayit 128 ba za ta kai minti biyu a tsaye ba. Daga nan kanel zai fara kashe manhajoji don ya samu wuri, alhali ba su ne suka ci ba, don haka ya kashe wannan, ya kashe wancan, wurin bai dawo ba. Wani abin lura a wajenmu: inda wuta ke yawan ɗaukewa, rauta tana mutuwa ta tashi da kanta sau da yawa a rana, ƙaramin yoyo ba ya samun lokacin taruwa. Sai an ɗora ta a kan sola ta yi makonni ba a kashe ba, sannan cutar ke fitowa.

[Allo: baƙar taga, lambobi suna hawa a hankali]

Kafin ka zargi direba, ka tabbata yoyo ne. Ku buɗe /proc/meminfo. Kada ƙarancin MemFree ya tsorata ku, Linux yana cika wurin da ba a amfani da shi da ajiyar fayiloli, kuma yana saki da zarar an buƙata. Layin da za ku sa wa ido shi ne SUnreclaim. In yana hawa ba ya saukowa duk lokacin da kuka taɓa na'urar, to akwai magana. Ku kira slabtop ku ga wane rukuni ne ke kumbura. Shi ke nan, mu wuce.

Kmemleak. Catalin Marinas ne ya rubuta shi, ya shiga kanel a 2009, a fitowar 2.6.31. Ku kunna CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK ku sake haɗa kanel, kuma don Allah a cikin QEMU ko wata na'urar gwaji, kada a yi a kan wadda mutane ke dogaro da ita. Aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Duk wurin da aka ara yana rubutawa a littafinsa. Can kuma sai ya bi memori yana neman duk wata lamba da ta yi kama da adireshin wannan wurin. In ya samu, to akwai mai riƙe da shi. In bai samu ko ɗaya ba, wurin ya zama maraya, sai ya kai rahoto. Da kansa yana zagayawa duk minti 10, amma ba sai kun jira ba, ga umarnin nan a ƙasan allo, ku tura masa kalmar scan ku karanta fayil ɗin rahotonsa.

Yanzu ku rage sauri. Nan ne wurin.

[Allo: rahoton ya cika fuska, an haska layukan ƙasa]

Waɗannan layukan da ke jere a ƙasan rahoton, mutane suna ɗaukarsu a matsayin yatsa mai nuna mai laifi. Takardar haihuwa ce kawai. Suna faɗa maka inda aka ari wurin, wa ya kira wa, har aka iso kmalloc. Inda wurin ya ɓata kuwa, kmemleak bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani, domin ɓata ba wani abu ne da aka aikata ba, abu ne da aka fasa aikatawa. Layin da ba a rubuta ba ba ya barin sawu. Saboda haka in ka je daidai inda rahoton ya nuna ka dasa kfree a ƙarƙashi, caca ka yi.

Mu ɗauki misalin da ya fi kama mutane, wanda an sha gyara irinsa a cikin kanel ɗin kansa. Ku dubi kod ɗin. Layi na farko, kzalloc, mun ari wuri don tsarinmu, wato jakar bayanan direbanmu, kuma a cikinsa akwai struct device, wanda da shi kanel yake sanin na'urar. Na biyu, dev_set_name, mun raɗa wa na'urar suna. Na uku, device_register, mun kai ta rajista. In rajistar ta gaza fa? Marubucin ya yi abin da hankali ke bayarwa: ni na ara, ni zan mayar, sai ya sa kfree ya fita. Da ido babu aibu. Amma ku kalli rahoton. Marayan ɗan ƙarami ne, kuma a gefen dama, inda aka zube abin da ke cikinsa, haruffan sunan na'urar ne ɓaro-ɓaro. A jerin sawun ga kvasprintf, ga dev_set_name. Ashe raɗa sunan ma aro ne, an ari wani wuri daban an rubuta sunan a ciki, adireshinsa kuma yana cikin tsarin da muka jefar. Mun yar da jakar da makullin ke ciki.

Daga nan mutane ke rabuwa gida biyu, kuma dukansu rami suke faɗawa. Na farko su ce, to ai sai in saki sunan da hannuna, su ƙara kfree na biyu. Wani lokaci ya yi shiru kamar ya gyaru. Sai dai sunan nan ba kullum ne ake aro masa wuri ba, akwai yanayin da adireshin ke nuna rubutun da ke cikin jikin kanel ne kai tsaye, wanda ba a taɓa ara ba balle a mayar. Shi ya sa kanel ɗin kansa da kfree_const yake sakin sunan. Na biyu kuwa sun ji an ce put_device ne magani, sai su ƙara shi a sama, su bar tsohon kfree a ƙasa yadda yake. Waɗannan su ne masu turo min hoton na'ura ta faɗi.

Bari in ba ku hoton da nake riƙewa a kaina. Tabarma ce. Ka sayo ta, tana naɗe a hammatarka, taka ce kai kaɗai, in ka ga dama ka mayar wa mai kanti babu wanda zai tambaye ka. Wannan shi ne tsakanin kzalloc da rajista, kuma a nan kfree daidai ne. Amma da ka shimfiɗa ta a ƙofar gida ka zauna, hukunci ya canja. Kowa na iya zuwa ya zauna. Ƙa'idar zaman kuma ita ce, duk wanda ya zauna a ƙirga shi, duk wanda ya tashi a rage, na ƙarshen tashi shi ke naɗewa. Kai da ka shimfiɗa, yanzu ɗaya ne daga cikin mazauna. Abin da ke hannunka shi ne ka tashi. Kiran put_device tashi ne. Kiran kfree kuwa fizge tabarmar ne, ko da mutum a kai ko babu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne yaushe aka shimfiɗa. Suna zaton sai rajista ta yi nasara. A'a. Ku buɗe drivers/base/core.c ku gani da idonku. Wannan device_register ɗin aiki biyu ne aka haɗe: device_initialize, sannan device_add. Na farkon ba ya gazawa, kuma shi ne ke ɗora ƙirgen a kan 1. Wato tun kafin a kai ga matakin da zai iya gazawa, tabarma ta riga ta sha ƙasa. Shi kuma device_add matakai ne da yawa, yana iya bayyana na'urar a sysfs, inda manhajoji ke ganin na'urori, sannan ya gaza a mataki na gaba, kuma a wannan ɗan tsakanin wani ɓangaren yana iya riga ya zauna. Shi ya sa a saman fankshin ɗin aka rubuta gargaɗi ƙarara, ga shi na haska muku: kada ka taɓa sakin na'urar kai tsaye bayan ka kira wannan, ko da kuskure ya dawo maka, put_device za ka kira. Gargaɗin ya daɗe a wurin. A ganina rabin wahalar nan daga rashin buɗe fayil ɗin da ake kira ne, mutum ya tsaya a kan nasa kod ɗin yana ta kallo.

To me ke faruwa in ka kira put_device? Ƙirge ya sauka. In ya kai sifili, kanel zai kira fankshin ɗin release da kai ka ba shi, a cikinsa ne kfree na tsarinka ya kamata ya zauna, sannan kanel ya saki sunan da kansa. Ka ga yoyon ya toshe ba tare da ka taɓa sunan ba. Yanzu ku koma ga 'yan gida na biyu. Sun kira put_device, release ya saki tsarin, sannan tsohon kfree ya sake sakin abin da aka riga aka saki. Sakin wuri sau biyu ya fi yoyo muni nesa ba kusa ba. Yoyo yana cin wuri ne a hankali. Wannan kuwa yana iya sa kanel ya ba masu aro biyu wuri ɗaya, kowa na rubutu a kan na ɗan'uwansa, kuma irin wannan ƙofar ce masu kutse ke nema. Faɗuwar da kuka gani ma sa'a ce, don ta fito da wuri.

[Allo: kod biyu gefe da gefe, ana goge layi ɗaya da ja]

Ga gyaran. An ƙara layi ɗaya, an cire ɗaya. Amma kada ku tsaya a nan, ku gangara ƙasa. Yawancin direbobi suna da tsanin goto a ƙarshen fankshin, kowane mataki yana warware abu ɗaya, daga na ƙarshen aro zuwa na farko. Tsari ne mai kyau, takardar salon rubutun kanel ma shi ta koyar. Sai dai bayan put_device, in ka yi tsalle zuwa tsanin nan, duk matakin da ya taɓa tsarinka yana taɓa abin da wataƙila babu shi. Don haka ka buɗe release ka karanta shi layi-layi. Duk abin da yake saki, kada tsanin ya sake saki. Duk abin da ba ya saki, kai za ka saki, kuma kafin put_device, tun tsarin yana raye.

Ni abin da na fi so, kuma shi nake ba kowa shawara: ka raba aikin biyu da kanka. Da ka ari wurin, ka saita release, ka kira device_initialize nan take, sannan suna, sannan sauran, device_add a ƙarshe. Daga wannan layin zuwa ƙasa duk wata gazawa hanyar fitarta ɗaya ce, put_device. Babu sauran tsayawa kana tunanin ko an shimfiɗa ko ba a shimfiɗa ba.

Dabaru biyu da nake roƙonku ku bari. In ba ka ba da release ba, kanel zai yi maka ihu cewa na'urar nan a karye take, dole a gyara. Sai wasu su rubuta release fanko, babu komai a ciki, don ihun ya tsaya. Takardun kanel sun hana wannan da baki, kuma da gaskiyarsu, ka cire batirin ƙararrawa ne wutar tana ci. Ta biyu ita ce devm_kzalloc. Ina son devm, tun 2007 yake rage wa marubuta direba wahala, kana ara shi kuma ya mayar da kansa ranar da direba ya rabu da na'urar. Amma ranar rabuwar ba lallai ta zama ranar da na ƙarshe ya tashi daga tabarma ba. In wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin na'urar a buɗe aka zare USB, devm zai naɗe, ita kuma tana zaune. Abin da ke da ƙirgen kansa, kada a ara masa wuri da devm.

Da kun riƙe tambayar nan, wa ke da shi a daidai wannan layin, sauran duk 'yan gida ɗaya ne, don haka da gudu. Direban sadarwa: an miƙo maka fakiti ka aika, in ka amsa NETDEV_TX_OK ya zama naka, ko aikawar ta gaza kai za ka sake shi, in ka amsa NETDEV_TX_BUSY na mai shi ne har yanzu, kada ka taɓa. Zagayen for_each_child_of_node: in ka fice a tsakiya, akwai of_node_put a kanka. Kowane request_firmware yana jiran release_firmware. Sai krealloc: kada ka zuba amsarsa kai tsaye a kan tsohon adireshin, don in ya gaza ya dawo da NULL ka goge hanya ɗaya tilo da za ta kai ka ga tsohon wurin, wanda yana nan ba a sake shi ba. Tun fitowar 6.5 a 2023 akwai kuma __free, wanda ke sakin abu da kansa in an fita daga fankshin. Yana rage mantuwa sosai, amma shi ma sai ka gaya masa da no_free_ptr in ka miƙa wa wani mallakar.

Kada kowa ya ce min ai hanyar kuskure ba a cika binta ba. A kan allunan ARM, irin na wayoyi da rautoci, direba yakan tashi ya tarar abin da ya dogara da shi bai shirya ba, sai ya dawo da EPROBE_DEFER, wato a sake kirana an jima. Wannan ta hanyar kuskuren yake fita, kuma yana iya faruwa sau da dama a kunnawa ɗaya.

Saura gwaji, kuma nan hotuna sun ƙare min, sai ku saurara. Gyaran da ba a bi ta kansa ba, ba a gwada shi ba. In rajistar ba ta taɓa gazawa a na'urarka, layin da ka gyara bai taɓa gudana ba, shirun da ka ji ba shaida ba ne. Sai ka tilasta gazawar. Kanel yana da failslab, wanda ke sa aron memori ya gaza da gangan, akwai kuma fail-nth da za ka ce masa kira na kaza nake so ya gaza. In duk wannan ya yi maka nisa, ka sa kuskuren da hannu na ɗan lokaci. Sannan ka kunna KASAN tare da kmemleak, kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya: kmemleak yana kama wanda bai saki ba, KASAN yana kama wanda ya saki sau biyu ko ya taɓa bayan saki. Wanda ya gwada da kmemleak kaɗai, kuskuren 'yan gida na biyu zai iya wuce shi salin-alin. Ka ƙara da CONFIG_DEBUG_KOBJECT_RELEASE, shi yana jinkirta kiran release da gangan, don duk mai fizge tabarma da wuri ya tonu. Ka tura wa kmemleak kalmar clear, ka ɗora direban ka sauke kamar sau 1000, ka ɗan jira, don ba ya kai rahoton abin da bai kai daƙiƙa 5 da aro ba, sannan scan.

Akwai yoyon da kmemleak ba ya gani sam. In direba yana ta ƙara abu a wani jeri ba ya cirewa, kowane ɗaya yana da mai riƙe da adireshinsa, babu maraya, amma memori na ƙarewa. A nan SUnreclaim ne zai gaya maka, kuma daga kanel 6.10 akwai /proc/allocinfo in an kunna shi, yana nuna wane layin kod ne ke riƙe da nawa. Masu Windows, ban manta da ku ba: a can kowane aro yana ɗauke da tambarin haruffa 4, PoolMon zai nuna muku tambarin da ke kumbura, Driver Verifier kuma zai tsayar da na'urar in direba ya sauka da bashi a kansa.

In za ka aika facin, wato gyaran da ka yi, ga masu kula da kanel, get_maintainer.pl zai ba ka sunayen waɗanda za ka tura wa, checkpatch.pl ya duba maka tsari. Ka sa layin Fixes da haruffa 12 na farkon lambar canjin da ya kawo matsalar, ka manna rahoton kmemleak a cikin bayanin, ka faɗi abin da release yake saki, domin shi ne farkon abin da mai dubawa zai je ya buɗe. In kuma ba ka da na'urar, haɗawa kawai ka yi ba ka gudanar ba, ka rubuta hakan a fili.

[Allo: an sake karanta rahoton, babu ko layi ɗaya]

Ga namu bayan zagaye 1000 da gazawar dole. Fayil ɗin kmemleak fanko ne, KASAN bai ce uffan ba, SUnreclaim kuma ya koma kusa da inda ya fara.